Akuyar da Aka Musanya

Saura kaɗan Sufeto ta ƙi rubuta ƙarar nan. Bayanta na ciwo, teburinta cike da aiki, ga shi wai akuya ce ta ɓata.

"Likita, akuya fa ka ce. Ka ga Saje mana."

"Ba irin wadda kika sani ba ce, ranki ya daɗe," in ji shugaban cibiyar binciken magunguna. "Tun kafin a haife ta muka gyara mata ƙwayoyin halitta. Daga nononta muke tace maganin wata cutar jini da yara ke gado. Ita kaɗai ta rayu cikin waɗanda muka gwada. In ta mutu, aikin ya mutu."

"Akuya mai digiri ke nan," in ji Saje. Ba wanda ya yi dariya.

A cibiyar sai da aka sa su sauya takalma, suka wanke hannu, sannan aka bar su suka shiga garken. Ga farar akuya tana tuƙa, da lamba a kunne. Likita ya ce ba ita ba ce, musanya aka yi. Sun yi ta gwada nonon, babu ɗigon magani.

Sufeto ta kama kunnen ta duba. Hujin lambar sabo ne, ko warkewa bai yi ba.

Mai gadi ya rantse ko kaza ba ta fita ta ƙofarsa ba.

"Baba, kowa kake cajewa?"

"Kowa da kowa."

"Har mai fitar da kashin dabbobi a baro?"

Ya sosa ƙeya. "Haba ranki ya daɗe, wa zai tura hannu cikin wannan warin?"

Mai tura baron kuwa ita ce mai tatsar akuyar, wata siririyar mata da ba ta iya haɗa ido da mutane.

"'Yar'uwa, ba ki lura an sauya ta ba?"

"Wallahi ban lura ba."

"Safe da yamma hannunki na kan hantsarta. Likita sai da na'ura ya gane, ke kuwa taɓawa ɗaya ta ishe ki. Me ya hana ki faɗa?"

Matar ta hau murza bakin mayafinta.

Sufeto ta sauke numfashi. "Mu je gidanki. Likita, biyo mu."

A bayan banɗaki suka sami akuyar, ɗaure da igiya, an naɗe mata baki da tsumma don kada ta yi kuka. Ta rame, amma tana tsaye. A ɗaki wata yarinya na kwance kan tabarma, idonta rawaya, ga kofin nono kusa da kanta.

"Ni ce," in ji matar, tun ba a tambaye ta ba. "Na lulluɓe ta da buhu a baron, na kawo akuyar maƙwabta na sa a madadinta. Kullum ina jin ana cewa sai an gama gwaji, sai shekara mai zuwa. Wannan 'yar tawa ba za ta kai shekara mai zuwa ba." Ta juya ga Likita. "Yallaɓai, kullum tana sha. Yaushe zai fara aiki?"

Likita ya cire tabarau yana gogewa.

"Ba a sha. Sai an tace, a yi allura. In aka sha, ciki narkar da shi yake yi."

"Duka?"

"Duka."

Matar ta zauna a ƙasa. Da Saje ya fito da ankwa, Sufeto ta girgiza kai. Ita da kanta ta ɗaga matar, ta riƙe hannunta har mota. Maƙwabciya ta shigo ta zauna da yarinyar.

Washegari Sufeto ba ta wuce ofis ba. Ta ɗauko yarinyar a kafaɗa, ta kai ta cibiyar, ta zauna kan benci a ƙofar ofishin Likita. Sakatare ya ce Likita yana taro, zai daɗe.

"Ba komai," in ji ta. Ta cire hularta ta yi wa yarinyar matashi.