Abin da Haniff Ya Rufe da Ƙusa

Rana ta yi ja a kan gonakin shinkafar Berbice lokacin da Haniff Bacchus ya buga ƙusa ta ƙarshe. Kwana biyu ya yi durƙushe a banɗakin gidansu na katako. Ya ciccire ruɓaɓɓun falankan daɓen, ya shimfiɗa sabon fallen katako mai kauri, ya bi shi da ƙusa taki-taki don kada ya motsa tayil ya tsage. Duk wata kafa ya toshe ta, har da tsohon ramin da ke bayan tukunyar wanka.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo a kan kwano. Wani ya biyo. Haniff ya leƙa, babu kowa, karnukan unguwa ma sun yi tsit.

'Yarsa Shameeza ta shiga alwala, ba ta fito ba. Ya same ta zaune daɓas a tsakiyar sabon katakon, tafukanta manne da shi. Ya ɗaga ta, ta ƙi ɗaguwa. Ya kira maƙwabta maza uku, suka yi ta fama kamar masu jan gidan kansa.

Kwana uku tana nan. Uwarta Zaheeda na ɗura mata ruwa da cokali. Haniff ya kasa fita aiki, ya kasa zama, sai ya tsaya bakin ƙofa yana jin wani siririn kuka da bai san daga inda yake fitowa ba.

Rana ta huɗu da la'asar Maulvi Inshan, tsohon limaminsu, ya hawo matakala yana haki. Ya zauna a dokin ƙofa ya daɗe yana karatu. Can Shameeza ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Kafinta ya rufe min ɗa. Ni ma na rufe tasa."

Aljanar ta ce shekara arba'in suna zaune a kogon da ke tsakanin daɓen da ginshiƙai, ba su taɓa kowa ba. Ta fita neman abinci, ta dawo ta tarar an toshe ramin. Ta nemi a buɗe, a bar musu banɗakin har abada.

"Buɗewa haƙƙinki ne," in ji Maulvi. "Zama kuwa ya ƙare. Ki ɗauki ɗanki ki bi magudanar ruwa kafin rana ta faɗi."

Aljanar ta ce, "Da hannunsa zai cire."

Haniff ya durƙusa gefen 'yarsa, yana zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Da fallen ya ɗaga, wata iska mai sanyi ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Shameeza ta kife a kafaɗarsa.

"Baba, ƙafata ta yi tsami," ta ce da muryarta.

Sai da aka kwantar da ita ya koma ya juya fallen. Cikinsa duk yakushi ne, na ƙananan farata.