Lasifikar Ƙofar Dama

Ƙarfe tara na safiyar Talata Hajiya Maijidda ta shigo caji ofis na Funtua, ba ta jira an ba ta kujera ba.

Sufeto Liyatu Luka ta san ta. Kowa ya san ta. Rabin masarar da ake nomawa tsakanin Maska da Danja ta sitonta take bi kafin ta hau tirela.

"Awarwaro huɗu na zinare," in ji Hajiya. "Na Innarmu ne, Allah ya ji ƙanta. Jiya na sa su a dirowar gaban mota zan kai wa maƙeri, sai na biya wajen Mahadi mai gyaran sauti, na bar masa motar daga goma zuwa biyu. Na manta da su shaf."

"Yaushe kika tuna?"

"Da la'asar, a gida. Na leƙa, wayam. Na sa aka rufe get, aka caje kowa, aka caje ɗakuna, aka caje motar har ƙarƙashin kujeru. Shi ne, Sufeto. Ga sata ga ha'inci. Jiya da na karɓi motar, kiɗan ƙwarya har a ƙirjina nake jin sa. Yau da safe kamar ana buga gwangwanin madara."

Liyatu ta rubuta maganar awarwaro. Ta ɗan tsaya, sannan ta rubuta maganar gwangwanin ma. Shekararta ashirin tana kaɗa tulu a zumuntar mata ta cocinsu, kuma ba ta taɓa jin amo ya kwana lafiya ya tashi ba lafiya haka kawai ba.

Kafin sha ɗaya Mahadi yana tsare a bayan kanta. DPO ya duba takardar sau ɗaya ya ce gobe Laraba a miƙa shi kotu.

Mahadi mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, siriri, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ya ce bai buɗe dirowa ba, bai ga zinare ba. Ya faɗa a sanyaye, kamar wanda ya riga ya san ba za a yarda ba. In ya shiga kotu da sunan ɓarawo, ko an sake shi babu mai sake bar masa makullin mota a garin nan.

"Ta kuma ce aikinka ya lalace a kwana ɗaya," in ji Liyatu.

Ya ɗago kai.

"Aikina?"

"Kamar gwangwani, in ji ta."

"Ranki ya daɗe, a ce na yi sata, wannan tsakanina da Allah ne. Amma gwangwani?" Ya kama ƙarfen kanta. "Me ta kunna? In waƙoƙin da ake turo mata ta WhatsApp ne, ba laifina. An matse su an sake matsewa, an kwashe tsaba an bar dusa. Ni filas na ba ta, na zuba mata manyan fayil waɗanda ba a taɓa matsewa ba."

"Filas ɗinka ta sa."

"To wani ya taɓa rediyon. Mutanenmu da sun shiga mota sai su murɗa bes har ƙarshe, su ce wai ƙarfi. Ni komai a tsakiya na bar shi."

"Mene ne bes?"

"Kaurin sautin. Wanda ake ji a ciki, ba a kunne ba."

"Bakin tulu," in ji Liyatu.

"Na'am?"

"Ci gaba. Me kuma ka yi wa motar?"

Ya lissafa. Sabuwar lasifika ɗaya a kowace ƙofar gaba. Ya liƙe ƙofofin ta ciki da roba don kada ƙarfe ya riƙa karkarwa. Ya goge duk wayoyin hannun da rediyon ya sani ta bulutut, ya roƙi Hajiya ta riƙa amfani da filas kaɗai, don bulutut ɗin motar tsoho ne, yana rage sauti a hanya. Eriya kuwa ta karye, ya ce ta dawo Asabar, har zuwa lokacin rediyon ba zai kama kowace tasha ba.

"A gabanta na gwada," ya ce. "Ta yi rawa a kujera. A tambaye ta."

Liyatu ta ce Sajan Lawal ya fito da shi.

"Ina za mu, ranki ya daɗe?" in ji Sajan.

"Jin kiɗa."

Gidan Hajiya da sitonta katanga ɗaya ta kewaye su. A tsakar fili lebura suna loda tirela, buhu bayan buhu. Motar tana gareji can baya, inda ba a hango ta daga get.

Mannir direba yana zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa.

"Bayan kun dawo ƙarfe biyu, ina ka tafi?" in ji Liyatu.

"Masallaci."

"Har la'asar?"

Ya dubi ɓawon gyaɗar da ke hannunsa.

"Na ɗan biya Tsiga a babur."

"Wajen wa?"

"Ranki ya daɗe, kada Hajiya ta ji. Akwai wata bazawara."

"Makullin fa?"

"A ƙusa, cikin ofishin sito. Nan yake kwana."

Ofishin sito na Abdulmutallib ne, ƙanen Hajiya, wanda duk gidan ke kira Auta duk da furfurar da ta fara masa a gemu. Ya zo da basilla soke a aljihun riga, da ɗan abin amsa waya maƙale a kunne. Yana magana da Liyatu yana magana da wani dillali a Malumfashi lokaci guda.

"Jiya tsakanin biyu da la'asar?"

"Kan lodi. Tirela uku. A'a, ba da kai nake ba, Alhaji. Ko fitsari ban je ba."

"Ka shiga motar?"

"Tun da aka yi mata wannan gyaran ban ko taɓa ƙofarta ba. Ni ina ruwana da kiɗa."

"Wa zai tuƙa ta nan gaba?"

"Jumma'a zan je Malumfashi da ita, in an bar ni." Ya dubi Mahadi da ke tsaye da ankwa. "Wannan kuma me ya kawo shi? Ya zo nuna inda ya ɓoye?"

"Wataƙila," in ji Liyatu. "Koma kan lodinka."

Ya koma. Hajiya ta fito da filas daga jakarta, wadda ta ce ba ta rabu da ita ba tun jiya. Liyatu ta zauna a kujerar direba, aka murɗa makulli, aka kunna.

Muryar zabiya ta fito tas. Tafin 'yan amshi ma tas. Amma ƙwaryar da ake kifawa a ruwa, wadda ya kamata ta riƙe kiɗan daga ƙasa, babu ita. Sai ɗan ƙas-ƙas ɗin sanda.

Mahadi ya sunkuya ya dubi fuskar rediyon.

"Ba a taɓa komai ba. Duk yana tsakiya." Ya rufe ido ya saurara. Sai ya buɗe. "Ranki ya daɗe, akwai ma'aunin hagu da dama. Mayar da sautin duka hagu."

Ta mayar. Ƙwarya ta dawo. Ba da ƙarfi ba, amma ta dawo.

"Duka dama."

Nan ma tana nan.

"Tsakiya."

Ta ɓace.

Liyatu ta sake yi da kanta, sau biyu. Hagu, akwai. Dama, akwai. Tsakiya, babu.

"Yaya lasifika biyu za su gaza ɗaya?"

"Shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya," in ji Mahadi, "ɗaya ya ja gaba, ɗaya ya ja baya. Garma ba ta motsi. Kowace lasifika waya biyu gare ta, ja da baƙa. In aka juya su a ƙofa ɗaya, wannan tana tura iska, waccan tana janye ta. Murya za ta fita, ba wanda zai ce ta mutu. Kaurin ne ke cinye kansa."

"Wayoyin suna juyawa da kansu? A gargada, misali?"

"Sai hannu."

"Naka?"

"Ko a mafarki."

Liyatu ta juya ga Hajiya.

"Kin ce jiya ƙarfe biyu kin ji ƙwarya a ƙirjinki."

"Na ji."

"Har gida?"

"Har cikin garejin nan."

"Bayan haka Mahadi ya shigo gidan nan?"

Hajiya ta girgiza kai.

Liyatu ta fito. Ta ƙwanƙwasa ƙofar hagu da bayan yatsa, kamar yadda take gwada tulu a kasuwa kafin ta saya. Ta zagaya ta ƙwanƙwasa ta dama. Sama daidai. Ƙasa, kusa da lasifika, amon ya toshe. Ta tsuguna. A gefen murfin ƙofar akwai 'yan ƙananan huji-huji jere, inda aka soka wani abu mai tsini aka ɓanɓaro.

"Sajan, kwance masa hannu. Ba shi sukudireba."

Mahadi ya cire murfin, ya kwance ƙusoshi huɗu, ya zaro lasifikar a hankali ya juya bayanta ga kowa. Ja a wurin baƙa, baƙa a wurin ja. Robar da ya liƙa an yage ta ta gefe.

Liyatu ta zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu. Ta fito da ƙunshin tsumman buhu, ɗaure tam da zaren ɗinki, an rataye shi a ƙarfen ciki don kada ya yi ƙara a hanya. Ta yanke zaren. Awarwaro huɗu.

Hajiya ta zauna a kan bencin Mannir.

"Kira min su duka," in ji Liyatu.

Auta ya zo yana share gumi. Ya ga ƙofar a kwance, ya ga zinaren a kan bonet.

"Alhamdu lillahi. Ba na faɗa ba? Mai kwance ƙofa shi ya san cikin ƙofa."

"Zaren sitonku ne."

"Duk Funtua da shi ake ɗinki. Mannir ma yana ɗiba ya ɗaure kaya."

"Ni?" in ji Mannir.

"Gaskiya ne," in ji Liyatu. "Zare ba shaida ba ne. Abin da nake tunani daban. Wanda ya yi wannan mutum ne mai tsanaki. Ya ɗaure, ya rataye, ya mayar da ƙusa huɗu. Irin wannan ba zai rufe ƙofa ya tafi bai gwada ko lasifikar tana magana ba. To da me zai gwada? Eriya a karye. Filas a jakar Hajiya."

Daga fili ana jin faɗuwar buhuna.

"Mahadi, wayoyi nawa ka bari a rediyon?"

"Ko ɗaya."

"Hajiya, kin haɗa taki? Mannir?"

Duka suka girgiza kai.

Liyatu ta leƙa cikin motar ta zare filas, ta kashe makulli, ta sake murɗawa. Ta ba rediyon ɗan lokaci.

"Hajiya, kira min ƙanenki."

"Ga shi tsaye."

"A waya."

Hajiya ta daɗe tana kallon wayarta kafin ta danna. Auta ya kai hannu aljihu, amma Sajan Lawal ya riga shi kama wuyan hannun.

Motar ta fara ringin ta lasifikar hagu. A fuskar rediyon rubutu ya fito: Yaya Maijidda.

Aka bar ta ta yi har ta katse.

"Ka ce ba ka taɓa ƙofarta ba," in ji Liyatu.

Auta ya cire abin kunnensa ya riƙe a tafin hannu.

"Na ji lasifikar tana magana," ya ce. "Na kunna karatu, na ji ya fita ta ƙofa biyu. Na ɗauka shi ke nan."

"Don me a ƙofa?"

"Na san Yaya. Har cikin filo za ta caje. Kuma in na bar lodi na fita get, kowa zai gani. Na ce su jira ni zuwa Jumma'a."

"Auta," in ji Hajiya. "Me na rage ka da shi?"

"Narkar da su za ki yi, Yaya. Ki yi wa 'yarki Najiba sarƙa. Ni na yi jinyar Inna wata bakwai, ni na riƙa cire mata su in za a yi mata wanka. Da ta rasu kika kwashe, ko tambayata ba ki yi ba."

"Da ka yi magana."

"A gidan nan wa ke magana in ba ke ba?"

Hajiya ta dubi awarwaron, ta dubi Liyatu.

"Sufeto, an samu kaya. Maganar gida ce. A bar ta nan."

"Da safe da kika zaci Mahadi ne, caji ofis kika kawo ƙara." Liyatu ta juya ga Auta. "Kai kuma ka gan shi da ankwa ɗazu. Me ka ce masa?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"In kina so ki janye, Hajiya, ki zo ki faɗa wa DPO da bakinki, a gaban wanda aka kulle. Sajan."

Ankwar da aka cire wa Mahadi ita aka sa wa Auta. Lebura suka dakata da buhuna a kafaɗa har aka wuce da shi get.

Liyatu ta tattara zinaren a ambulan ta rubuta a bayansa. Da ta juyo, Mahadi yana tsugune a gaban ƙofar dama.

"Malam Mahadi, sai ka zo ka sa hannu a sake ka."

"Minti biyu, ranki ya daɗe."

Ya zare wayoyin, ya mayar da ja wurin ja, baƙa wurin baƙa. Ya ɗaure ƙusoshi, ya sa filas, ya bar ma'auni a tsakiya.

Ƙwarya ta cika garejin. Liyatu ta ji ta a ƙasan haƙarƙarinta, daidai inda take jin tulunta ranar Lahadi.

Mahadi ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Hajiya, gwangwani ne?"

Hajiya tana kallon get.

"Ba gwangwani ba ne," ta ce. "Ka yafe ni. Kashe kiɗan."