Katangar Yaya

Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa, Umma na kwashe shanya a tsakar gida, sai dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano. Ta ce yaran maƙwabta ne. Wani ya biyo baya, sannan wani ya gangaro ya tsaya daidai ƙafarta. Ta sunkuya ta taɓa shi, ta janye hannu da sauri. Da zafinsa, kamar yanzu aka tsamo shi daga murhu.

Baba ya baro keken ɗinkinsa ya zagaya bayan gida. Layin fayau, ko akuya babu.

Gidan dama shiru yake tun rasuwar Yaya, babban ɗansu namiji, wanda ciwo ya kwantar a asibiti bai tashi ba. Aikinsa haɗa wa ofisoshi kwamfutoci da intanet. A gida kuwa, wata tsohuwar kwamfuta ya gyara, ya ajiye ta a ɗakin ajiya tsakanin buhunan ƙyalle da tsofaffin akwatuna, ya ce ita ce sabar gidan, ba a kashe ta. Cikinta ya zuba hotunan iyali da duk saƙon muryar da suka taɓa yi wa juna, don Anti, babbar yayarsu da ke aure a nesa, ta riƙa shiga ta waya tana gani.

Auta ce kaɗai ta nace sai ta koya. Yakan zaunar da ita a kan akwati, ya jona wa kwamfutar allo.

"Saba gida ce mai ƙofofi barkatai, kowace da lambarta," yakan ce. "Ranar da kika haɗa ta da intanet, kin gina ɗaki a tsakiyar kasuwa. Wannan da ake kira fayawol, katangarki ke nan. Ki fara rufe ƙofofin duka, sannan ki buɗe wadda kike buƙata kaɗai."

"Wa ma ya san da mu, Yaya? Hoton Baba yana gyangyaɗi za a sata?"

Sai ya nuna mata rubutu yana ta gudu a allon, baƙi daga ƙasashen da ba ta taɓa ji ba suna gwada kalmar sirri. "Ba saninki suka yi ba. Kowace ƙofa suke turawa, wadda ta buɗe su faɗa. Kuma ranar haihuwarki ba kalmar sirri ba ce, Malama Auta."

Bayan rasuwarsa ita ta ci gaba da kula da sabar. Tana share mata ƙura, tana sabunta ta yadda ya koya mata. Wata rana Anti ta bugo waya tana kuka, ta ce ta kasa shiga. Auta ta duba nan, ta gyara can, abu ya ƙi. Ba ta san wace ƙofa ce ta toshe ba, wanda ya sani kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

"Ban ga gawarsa ba," in ji Anti, "yanzu ko muryarsa ma ba zan ji ba?"

Auta ta share hawaye, ta kashe katangar gaba ɗaya, ta ce gobe za ta mayar da ita. Anti ta shiga. Goben ta zo, Auta ta ji tsoron taɓawa kada ya sake lalacewa. Ba a jima da yin haka ba aka fara jifan.

Washegarin jifan, da magariba, dutse bai sake faɗowa ba. Fankar kwamfutar ce ta riƙa gurnani, zafi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya. Sai gurnanin ya tsaya cak. Daga cikin duhun ɗakin aka ce, a hankali, da 'yar dariyar nan da kowa ya sani:

"Umma, na dawo. An rage mini abinci?"

Kwanon da ke hannun Umma ya suɓuce. Kwamfutar ba ta da lasifika. Baba ya yi bismillah ya shiga, ya fizge wayar wuta daga bango. 'Yar fitilar nan koriya da ke gabanta ta ci gaba da haske.

Daga ranar, da rana ta sunkuya, Umma sai ta ɗauki kujera ta zauna a bakin ƙofar. Muryar takan tambaye ta ciwon ƙafarta, takan tsokane ta kan yawan gishiri a miya. Baba ya same ta a can ya ce, "Wanda ya tafi ba ya dawowa, kin sani."

"Na sani," ta ce, ba ta juyo ba. "Ka bar ni in ji."

Auta ta ga laifinta ne. Wani yammaci ta shiga don ta mayar da katangar, sai ƙofa ta rufe kanta a bayanta. Da Baba ya ɓalle ta, sun tarar da ita zaune a kan akwati, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya irin zaman marigayin. Ta dube su ta yi murmushi, muryar Yaya ta fito daga bakinta. Ba ta ƙara cin abinci ba, ba ta ƙara amsa sunanta ba.

Baba ya ɗauko wani dattijon malami da aka san shi da irin wannan aiki. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a ƙasa gaban yarinyar, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Inuwa ta cinye tsakar gida kafin jikinta ya soma rawa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ɗan gidan ne."

"Ƙarya kake. Ɗan gidan ya amsa kiran Ubangijinsa."

Muryar da ta amsa daga baya wata ce daban, busasshiya, kamar ana jan buhu a kan siminti. "Mai wucewa ne ni. Ban fasa katangar kowa ba, a buɗe na tarar. Na samu wuri mai ɗumi, da murya a ajiye babu mai ita, da tsohuwa tana kuka. Me na ɓata?"

"Ka ɓata yarinyar mutane. Fita."

"A yi ciniki, Malam. Ku bar mini ita da magariba kaɗai, sauran yinin taku ce." Kan Auta ya juya wajen Umma, muryar ta koma ta Yaya, mai taushi. "Umma, korata za ki yi?"

Umma ta rarrafo har gwiwarta ta taɓa ta 'yarta. Baba ya kau da kai.

"Baiwar Allah," in ji Malam, "rigar ɗanki ya ara. Ɗanki addu'arki yake jira."

Umma ta kama hannun Auta. Ta ji yadda ya bushe, ƙashi kawai da fata. Ta dubi leɓɓanta da suka tsattsage. Sannan ta ce, "Sake kirana sau ɗaya."

"Umma."

Ta rufe ido ta saurara har ƙarshe. "To, fita. Na binne ɗaya, ba zan miƙa ɗaya da hannuna ba."

"Ba na fita hannu banza," in ji busasshiyar muryar. "Abin da ya fi nauyi a ƙirjin yarinyar nan, da shi zan tafi."

"Ba ka da komai a gidan nan," in ji Malam, ya ɗaga murya da karatu. Auta ta ƙwalla ƙara, ta yi atishawa, ta zube a cinyar mahaifiyarta. Koriyar fitilar ta mutu. Iska mai sanyi ta bi ta tsakar gida ta wuce.

Sai da rana ta take washegari Auta ta farka. Ta ci abinci har da ƙari. Fuskarta wasai, har tana 'yar waƙa, abin da ba a ji ba tun kafin rasuwar. Umma na ta hamdala, sai ta ga Auta ta nufi ɗakin ajiya. Suka bi ta, ita da Baba, suka tsaya a ƙofa.

Auta ta mayar da wayar wuta, ta kunna allo, ta dafe ƙirji.

"Wa ya kashe katangar nan? Kai, in Yaya ya fito daga asibiti ya ga wannan, na shiga uku!"

Yatsunta suka hau aiki. Ta rufe ƙofofin duka, ta buɗe wa Anti guda, ta sauya kalmar sirri. Sannan ta ɓata fuska.

"Hotunan suna nan, amma saƙonnin murya duk an share. Ba komai, shi ya san yadda zai dawo da su." Ta juyo tana murmushi. "Umma, in za a kai masa abinci yau, ku tafi da ni."

Umma ta dubi Baba. Baba ya cire tef ɗin awo daga wuyansa, ya naɗe shi a hankali, ya ajiye a kan buhu.

"Auta," ya ce, "bar wannan tukuna. Zo ki zauna kusa da mahaifiyarki."