Kwalabe Arba'in da Biyu

Gwangwanin madara cike da fasassun kwalaben allura. Takardar likitan kunne daga Kano. Kwalin magani mai rubutun Faransanci. Sai Nasrullahi, saurayina, a kujerar gaba, ya rufe ido saboda hanya na yi masa rawa. Abin da na ɗauko daga garinsu, Sule Tankarkar, ke nan.

Shekara shida na yi a Masar ina karatun haɗa magunguna. Na dawo Gumel saura wata biyu bikinmu, na tarar Baba ya fasa.

"Mashayi ne," in ji shi. "Ya zo gaishe ni, sau uku ina tambayar jikinsa bai amsa ba. Da ya miƙe sai tangaɗi, har da dafa bango. A gaban Kawunki Cindo!"

Ban yi kuka ba. Na je na gani da idona. Salansar babur ce ta ƙone shi a ƙafa, ciwon ya yi ruwa, mai allurar unguwarsu ya yi ta tsira masa safe da yamma har sati uku. Goggonsa ta adana kwalaben, wai abin da ya fito daga gidan surukai ba a zubarwa. Na karanta sunan maganin, na sa shi ya tafi Kano.

Yau da muka sauka a tashar Gumel ya tsaya.

"Firdausi... ki haƙura. Me za ki yi da kurma?"

"Kunnenka na dama yana aiki. Ya ishe ka jin faɗana."

"Me kika ce?"

"Na ce ina sonka, rabin raina! Mu je!"

Masu Keke Napep suka juyo suna kallo. Ya yi dariya, karo na farko.

A zaure muka sami Baba da Kawu Cindo.

"A'a! Likitar Masar ta kawo mana ɗan giyarta," in ji Kawu.

"Ina wuni, Kawu. Baba, minti biyar nake roƙo."

Na juye gwangwanin a kan tabarma. Arba'in da biyu. Na ce wa Nasrullahi ya haɗe ƙafafunsa ya tsaya. Ya tsaya cak.

"Yanzu rufe ido."

Bai kai ƙirga uku ba ya tafi zai faɗi. Baba da kansa ya tare shi.

"Mai maye ko idonsa biyu tangaɗi yake, Baba. Shi idonsa ne ke riƙe da shi. Wannan allura sunanta jantamaisin. Tana kashe ƙwayar cuta, amma in ta yi yawa sai ta taɓa can cikin kunne. A nan ji yake, a nan kuma abin da ke tsayar da mutum daidai yake. Ga takardar likita."

Baba bai karɓi takardar ba. Kwalin ya ɗauka, ya juya shi.

"Wannan... ai ni na saya. Ranar Alhamis, a kasuwar Maigatari. Na aika masa dubiya, na ce a yi ta yi har ya ƙare..."

"Na sani."

"Shi ma ya sani?"

"Shi ya hana a faɗa maka."

Baba ya ajiye kwalin.

"Zai warke?"

"Jin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai na'urar ƙara ji. Tafiyar za ta gyaru in ya dage da motsa jikin da aka koya masa."

"Da wane kunne yake ji?"

"Na dama."

Baba ya zagaya, ya zauna a damansa, ya ɗaga murya.

"Ɗana! Na cuce ka, na kuma ɓata maka suna. Ka yafe mini!"

"Haba Baba... alheri ka nufa."

Kawu ya yi tsaki. "Yaya, ko ba maye, yarinya mai digiri za ka ɗauka ka ba..."

"Cindo, tashi. La'asar ta yi, je ka riƙe mana sahu."

Ya raka shi har bakin zaure, ya tura ƙofar ta rufu garam. Ya dawo ya sunkuya daidai kunnen Nasrullahi, ya faɗa yadda har mutanen cikin gida suka ji:

"Ranar da aka sa tana nan. Ko kwana ɗaya ba za a ƙara ba!"