Gishiri a Ramin Kaka Tepola

Ku matso, ga wata nan tafe!

Ta iso, kunnenmu na nan!

Ranar da sunan Seleta ya fito a ƙuri'ar zama na dindindin a Ostareliya, ranar ce ruwan teku ya ɓulɓulo ta ƙarƙashin ƙasa a tsakar gidansu na tsibirin Funafuti. Babu hadari, babu iska, sai ruwa kawai yana tasowa shiru-shiru yana lasar kabarin kakanta da ke ƙofar ɗaki.

Lasalo masunci, wanda za ta aura, ya shigo da gudu.

"Rabin raina, mun tsira! A ɗaura mana aure mu tafi!"

"Mu tafi da Kaka dai..."

Ya sunkuyar da kai. "Miji da 'ya'ya kaɗai aka ce."

"Ita fa ta goya ni, Lasalo! Wace uwa na sani bayan ita?"

Kaka Tepola tana zaune bisa kabarin mijinta, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"To ni ba mijinki ba ce, kuma na yi tsufa da zama 'yarki. Ko sun aiko jirgi ma, wa zai share wa wannan malalacin kabari? Da ransa ma bai iya shara ba!"

"To na fasa!" in ji Seleta.

Tsohuwar ta miƙe. Ta ja hannun Seleta zuwa ramin pulaka, gwazar da gidan ke ci tun kakanni. Ganyen duk ya yi rawaya. Ta tsoma yatsa a ruwan ramin, ta ɗora a harshen jikarta.

Gishiri ne, wallahi, zalla.

"Wannan za ki ciyar da 'ya'yanki?"

Seleta ta rushe da kuka. "In na tafi, wa zai ɗauke ki ranar da ruwan ya shigo ɗaki?"

"Ni," in ji Lasalo a bayansu. "Ki yi gaba ki kama mana wuri. Zan zauna da tsohuwar amaryata."

"Ji ɗan banza! Wa ya ce ina son mai ƙarnin kifi?"

"Har yaushe, masoyi?" Seleta ta tambaya.

Duk sun san amsar, kuma ba mai son ranar ta zo.

An ɗaura auren, ruwa na taɓa matakalar coci. Seleta tana birnin Brisbane na Ostareliya yanzu, tana yi wa tsofaffin wasu wanka a gidan jinya, ga kuma ɗiyarta mai suna Tepola. Lasalo yana nan Funafuti, takardarsa a hannu, bai tafi ba. Kaka tana raye, ta daina gani. Kabarin kuwa sun ƙara masa tsayi sau biyu, ruwan bai fasa zuwa ba.