Tabarmar da Tela Ya Ce Tasa Ce

Tun da Amarya ta yi ɓarin cikinta na farko, Inna, uwar mijinta, ta yanke hukunci cewa yoga, miƙe-miƙen jikin da Amarya ke yi, ita ce ta jawo. Don haka da jin an sami wani cikin na wata biyu, ta tattaro kayanta ta tare a falo, ta kafa doka: ba shara, ba sunkuyo, ko atishawa sai an dafa bango.

Zama ya sa bayan Amarya ya sage. Kullum Inna ta shiga wanka, sai Amarya ta shimfiɗa tabarmar roba a ɗaki ta miƙe gaɓoɓi a hankali, a ɓoye. Ranar da dubu ta cika, Inna ta dawo ɗaukar soso ta tarar da tabarma a shimfiɗe.

"Wannan kuma ta wace ce?"

Mijin Amarya tela ne mai tumbi, wanda ko zare ya faɗi da yatsun ƙafa yake ɗauka, amma yana sonta kamar ransa. Ya yi caraf ya ce, "Tawa ce, Inna — ɗan tirenin nake yi."

"To, yi in gani."

Tela ya ɗaga ƙafa ɗaya yadda yake ganin matarsa na yi, ya haɗa tafuka sama. Kafin a ƙirga uku ya tafi luu, ya faɗa kan keken ɗinki, ƙugu ya ce ƙas.

A asibiti likita ta tambayi yadda aka yi. Amarya ta fashe da kuka.

"Tabarmar tawa ce, Inna, rufa mini asiri ya yi. Tun wancan ɓarin ban sake barci mai daɗi ba, kullum gani nake ni na jawo."

Likita ta duba ta, ta ce cikin lafiya lau yake. "Yawancin ɓarin farkon ciki ba abin da uwa ta yi ba ne. Ki yi motsa jiki mai sauƙi, ban da tsalle, ban da murɗa ciki. In kin ga jini ko kin ji ciwo, ki tsaya ki zo."

Inna ta goge ido da gefen mayafi.

"Ciki uku na rasa kafin wannan ƙaton. Aka ce ɗaukar ruwa ne ya jawo. Shekara arba'in ina dakon laifin nan, shi ne na zo na ɗora miki. Ki yafe mini, 'yata."

Suka rungume juna suna kuka. Daga kan gado tela ya ce, "Ni fa da na ji ciwon?"

"Yi mana shiru," in ji Inna.

Bayan wata bakwai Amarya ta haifi 'ya mace ƙatuwa, Inna ce ta fara karɓar ta. Haƙuri ya yi rana. Wadda ta yi ɓari lallashi take bukata, kada a ƙara mata da zargi, don nauyin da ke zuciyarta ya ishe ta.