Shafi Uku Kacal

A bencin masu jiran ganawar neman aiki suka haɗu, a wani kamfanin sabulu. Ita da siririn fayil, shi da ƙato, maƙare da zanen talla. Fanka na kaɗa gefen mayafinta a hankali. Sau biyu aka kira shi bai ji ba.

Ita aka ɗauka. Shi ya koma ofishin tallan da yake aiki, inda yau a yi wa masu takalma zane, gobe masu madara. Amma ya tafi da lambarta.

Bayan wata shida ya turo manyansa. Babanta ya girgiza kai.

"Ban ƙi yaron ba. Amma aikin da kwangila na ƙarewa a sallami mutum? Ya samu wuri guda ya zauna, sannan mu yi magana."

Da wani kamfanin littattafan rubutu ya kira shi ganawa, ta tura masa saƙo:

"Mai Fensirina, kar ka kwashi fayil ɗin nan gaba ɗaya, shi ya kayar da kai wancan karon. Ofishin talla ne ke son jin kana iya aiki goma a wuni. Kamfani kuwa abu ɗaya yake sayarwa. Sayi littafinsu ka san shi ciki da waje. Shafi uku na zanenka za ka ɗauka."

"Uku kacal, Sanyin Idona? Sauran fa?"

"Ajiye wa 'ya'yanmu su yayyaga."

Ranar ganawar, manajan ya tambaye shi me ya sa zai bar talla. Ya ajiye littafinsu a tebur.

"Ranka ya daɗe, na gaji da rabuwa da aiki tun ban ga ya girma ba. Kuma bangon littafin nan naku, yara ba sa samun wurin rubuta suna, ga zanen gyaransa na kawo."

A gidansu ita kuwa, Baba ne ya kasa zama. Ya leƙa ƙofa, ya dawo.

"Har yanzu bai kira ba?"

"Baba, kai da ka ƙi shi?"

"Ke, duba wayar dai!"

Saƙon ya shigo: "Ran Litinin zan fara."

Ranar aure, Baba ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba.

"Nan ma wuri guda za ka zauna. Allah Ya yi muku albarka."